Ƙafar Inna Ba Raki Ba Ce

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, sabulun wanke kwalaben ɗakin binciken nan ne dai ya cinye min hannu, amma ba komai.

Ki ce wa Kawu ya daina kiran Inna mai raki don bai ga rauni ba, shi da ƙaya ke sa shi ihu! Na tsinci wani littafi da ma'aikatan nan suka yar na karanta: jijiyoyi na fitar da ƙananan sinadarai, wasu su kai saƙon zafi ƙwaƙwalwa, wasu su kwantar da shi. Na tare likitar da nake share wa ofis, ta ce akwai magani. Ku kai Inna wurin likitan jijiya, don Allah.

Ki gaya mata ni na yarda da ita tun kafin littafin.

Ƙaninki mai bakin nan.