Makulli Huɗu, 'Ya'ya Biyar

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara, ya kuma sauƙaƙa miki aikin asibitin nan da ba ya barin ki hutawa. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Mama ta yi sauƙi, har ta koma faɗa da mai wanki, kin ga kuwa lafiya ta samu. Baba ma yana nan da ƙarfinsa. Na rubuto ne maimakon in kira, don ki karanta a zaune, kuma ki ji daga gare ni kafin Babban Yaya ya yi wa labarin kwalliya ya aiko miki.

Ranar Asabar Baba ya tara mu a falonsa. Kawu na zaune a gefe, a kan tebur kuma ga takarda da biro da makulli huɗu, kowanne an ɗaura masa zare mai launi daban. Kin san shagunan da ya gina a ƙofar gida. Ya ce zai bayar da su kyauta tun yana raye don kada a yi rigima a bayansa: ɗaya na Babban Yaya, biyu na tagwaye, na kan kwana mai ƙofa biyu kuma nawa. Ni zan rubuta takardar, tunda ba a banza aka kai ni jami'a na karanta shari'a ba, Kawu kuma ya sa hannu a matsayin shaida. Na dubi makullan, na dube mu. Ban taɓa yin fice a lissafi ba, amma na san mu biyar aka haifa. Sai na tambaya ina naki.

Baba ya ce ke kin zaɓi nesa, da ya kwanta ciwo bara murya kawai kika aiko. Babban Yaya ya ƙara da cewa ai kina da albashi, shago ba zai ƙare ki da komai ba. Na ce in haka ne shi ma ya haƙura da nasa, don motarsa kaɗai ta fi shagon tsada. Tagwaye suka duƙufa kallon darduma kamar ranar suka fara ganin ta.

Nan Yaya ya gyara zama ya hau wa'azi. Ya ce Malama Lauya ta manta addininta, ba a mayar da kyauta, balle ta mahaifi, kuma kyauta ƙauna take ƙarawa. Na ce duk gaskiya ne, Allah ya ƙara sani, amma ya duba fuskokin da ke falon ya nuna mini ƙaunar da wannan ta ƙara. Na tuna masa sahabin da ya ba ɗansa guda kyauta ya bar sauran, ya je neman Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zama shaida, aka ƙi, aka umarce shi da adalci tsakanin 'ya'yansa. Malamai sun yi saɓani ko haramun ne ko makaruhi, amma ban taɓa jin wanda ya ce abin so ne ba. Kuma ba a jami'a na fara sanin wannan ba. Muna yara, wa yake sa wuƙa ya raba lemo guda kashi biyar, ya hana kowa taɓawa sai kin tashi daga barci, in ba Baba ba?

Ban so faɗar wannan ba, Auta, don na ga inda maganar ta sami Baba. Ya ce dukiyarsa ce, guminsa ne, kuma in na bar makullin nan a kan tebur kada in sake taka ɗakinsa. Ba zan ɓoye miki ba, ina son shagon. Shekara uku ina ganin ofishina a cikinsa, har na san inda zan sa tebur. Na durƙusa na ce Allah ya huci zuciyarsa, ya umarce ni da komai zan yi, amma hannuna ba zai rubuta takardar da ta cire ki daga cikin 'ya'yansa ba. Ko a sayar a raba biyar, ko a bar su yadda suke.

Ina sa takalmi a bakin ƙofa sai ga Kawu a bayana yana neman nasa. Ya ɗaga murya yadda na ciki za su ji, ya ce ya manta tabaransa a gida, shi kuma ba ya sa hannu a abin da bai gani ba. Tabaran na leƙowa daga aljihun rigarsa. Na riƙe masa ƙofa ya wuce, na ja ta a hankali, na tafi.

Don Allah kada ki kira Baba da kuka, kuma kada ki ce kin yafe rabonki don a zauna lafiya, ba a kan shago na fita ba. Ki kira shi ki gaishe shi kamar kullum. Ki gaida maigidanki, ki shafa mini kan yara. Mama na gaishe ki, ta ce ki rage aiki.

Taki har kullum,
Yayarki