Ƙofar da Ba Ta Ganina

Litinin, 6 ga Mayu, 2024

Ƙofar ofis ta sake ƙin buɗe mini. Kamfaninmu ne ya ƙera manhajar da ke gane fuska, rabinta ma ni na rubuta, amma sai na tsaya kamar mai tallar goro har wani mai hasken fata ya zo na bi bayansa. Manajanmu Lim har da dariya: "Najiba, yi murmushi mana, ko ta ga haƙora." Na yi murmushin, Allah ya isa na ciki.

Laraba, 8 ga Mayu

Lim ya ba ni kwana goma sha biyu in gyara kafin masu saye su zo. In ta kunyata shi, ba sabon kwantiragi, ba bizar zama a ƙasar nan. Ciwon a fili yake, da fararen fuskoki aka koyar da ita. Na roƙi matan Hausawa na gurup ɗinmu na unguwar Taman Melati kowacce ta turo hotunanta.

Lahadi, 12 ga Mayu

Hoto ɗari uku, kowanne an wanke shi tas da filta. Hureira da ta fi ni baƙi ta fito kamar Balarabiya. Na kira ta, wai, "Haba Anti Najiba, in tura fuskata haka nan ba gyara?" Na ce ko uwar da ta haife ta ba za ta gane wannan aljanar ba. Ta kashe waya, suka cire ni daga gurup. Oho dai.

Alhamis, 16 ga Mayu

Na zuba wa manhajar hotunan nasu duk da haka. Yanzu ta ƙara yarda baƙi ba mutum ba ne.

Litinin, 20 ga Mayu

Ranar gwaji. Na shiga banɗaki na laɓta farar hodar da na saya a kasuwar Masjid India, shafi uku a fuska. Ƙofa ta buɗe tun ban ƙarasa gabanta ba. Masu saye suka tafa, Lim ya ce, "Kun gani, har 'yan Afirka tana ganewa." Za su kafa ta a ɗakunan kwanan ɗalibai, inda ƙannenmu baƙar fata suka cika. Na san za su yi tsayuwar da na yi. An ƙara mini kwantiragin shekara biyu. Kunya nake ji, amma na ci abinci na ƙoshi.

Lahadi, 2 ga Yuni

Hodar ta ƙare, na sayo biyu, da wani man hasken fata da mai shagon ta ce wata ɗaya ya isa a ga canji. Hodar don zufa ce. Man kuwa ban buɗe ba tukuna.

Yau ba ofis, amma na shafa.