Shekara Bakwai ta Tsinke

Litinin, 3 ga Yuni

Uwar Tsinke ta kira daga garin da take aiki. Wai ranar Asabar yarinyar za ta cika bakwai, in daure in tara mata yara a gida, ita za ta iso Juma'a. Na ce ni da ƙafa take ciwo? Ta ce, "Umma, ɗan abu kaɗan, ba sai an kashe komai ba." Kullum ɗan abu kaɗan ne a bakin wanda yake nesa.

Na raini 'ya'ya biyar, ban taɓa hura wa kowa balan-balan ba.

Talata, 4 ga Yuni

Tsinke ta gayyaci ajinsu kaf. Na sa ta rage zuwa yaran layinmu. An sha kuka.

Laraba, 5 ga Yuni

Na leƙa shagon masu kek, na ji farashi, na juyo ko sallama ban yi ba. Matar tela ta ce a tukunya ma ana gasawa, a zuba yashi a ƙasa a ɗora kwano. Ta ara mini nata kwanon. Na sayo fulawa, ƙwai, masarar gugguru da lemon kwaɓawa. Tsinke ta wuni tana yanka tsofaffin takardun makaranta, wai ado. Duk falon ya zama bola. Bayana kamar an dake ni.

Juma'a, 7 ga Yuni

Uwar Tsinke ba za ta zo ba. Abokiyar aikinta ta kwanta asibiti, an hana ta hutu. Tana kuka a waya, ni kuma ina faɗa, alhali na san ba laifinta ba ne. Ta roƙe ni in faɗa wa yarinyar da kaina.

Na same ta tana share ɗakin uwar. Na faɗa mata a tsaye. Ba ta yi kuka ba, ta dai jingine tsintsiyar ta ce, "To a fasa, Kaka. Ai kin gaji." Da ihu ta yi da ya fi mini sauƙi.

Na ce ba a fasawa. Ban san daga ina maganar ta fito ba.

Asabar, 8 ga Yuni

Kek ya ƙone ta ƙasa. Na kankare da wuƙa, na barbaɗa sukari, babu wanda ya gane. Yara sun ninka waɗanda aka kira, har da na goye. Na ƙara wa lemo ruwa sau biyu. Wani ya fasa mini kofin tangaran. Auta, kawun Tsinke, ya ajiye motar hayarsa ya zo, ya ɗaure ido da ɗankwalina yana laluben yara, ya ci karo da ƙofa. A nan na fara jin dariyarta tun jiya.

Da uwar ta kira, Tsinke ta zagaya da wayar tana nuna mata kowa, ta ce, "Kaka ce ta gasa da hannunta."

Ƙafata ta kumbura. Gugguru har ƙarƙashin gado.

Lahadi, 9 ga Yuni

Muna wanke-wanke Tsinke ta tambaye ni yaushe ce tawa ranar haihuwar. Na ce a lokacinmu ba a rubutawa, wadda ke takarduna ma malamin makaranta ne ya ƙirƙira. Sai ta ce ta ba ni Asabar ɗin ƙarshen wata. Na ce ta rufa mini asiri da wannan shirme.

Laraba, 12 ga Yuni

Na mayar wa matar tela kwanonta. A hanya na sayi nawa, don yawan aro ba daɗi. Mai shagon ya tambaya ko wani biki ne ya taso. Na ce na wata ne a gidanmu, ƙarshen wata.