Gashin Zalɓen da Na Musanya

Hajiya Sauda, don Allah ki taimake ni, abin nan ya hana ni sukuni kuma ba ni da wanda zan gaya ma.

Ni masunci ne a Kagara, gefen dam ɗin Goronyo. Akwai wani lungun ruwa inda muke sa koma tun zamanin kakana. Bara zalɓen wurin sunka canza. Rana tsaka sai ki ga sun jeru bakin ruwa shiru, ba kuka, ba kamun kifi. Kana matsowa da jirgi ba su tashi, sai su bi ka da ido. Wani na gani shina zagaye wuri guda har ya faɗi. Ƙwansu ma sai ya ruɓe cikin sheƙa. Tsofaffi sunka ce mutanen ɓoye ne sunka hau su, kada kowa ya taɓa.

Sai ga wata mai bincike, Malama Zakiyya, ta zo. Ta ce tsuntsun da ke cin kifi yana tara zaiba, wadda ake wanke zinari da ita, cikin gashinsa, kuma da gashin ake gane ko gubar ta shiga ruwa. Ta ba ni ambulan, in tsinto gashin zalɓen lungunmu in rubuta sunan wurin.

Hajiya, wallahi tsoro ya kama ni. Na tahi har sau biyu, hannuna ya ƙi. Sai na hau babur zuwa wani tafki wajen Tursa, na tsinto na lafiyayyu, na rubuta sunan lungunmu. A raina na ce gashi ai gashi ne.

Sakamako ya dawo: ruwanmu lafiya lau. Anka karanta takardar gaban mai gari, kowa na hamdala, har da sa mini albarka. To matata Juwairiyya na da ciki wata biyar, kuma ba abin da take marmari sai tarwaɗar wurin. Kullum ni ke kawo mata da hannuna. Zalɓen kuma suna nan jere. Mi zan yi?

Wani masunci, Kagara

Ɗan'uwa, na ji tsoronka kuma ba zan yi maka dariya ba. An hana ka taɓa abu, baƙuwa ta ce ka taɓa, ka rasa yadda za ka yi. Amma takardar da aka karanta gaban mai gari ta tafkin Tursa ce, kuma kai kaɗai ka san haka.

Ban ce zaiba ce ba. Yana iya zama maganin feshi na gonaki ko wata cutar tsuntsaye. Awo ne kawai zai nuna. Kafin nan, daga yau Juwairiyya ta bar kifin lungun, musamman manya masu cin 'yan'uwansu. Idan zaiba ce, dafuwa ko banda ba su fitar da ita, kuma jaririn ciki ta fi yi wa illa. Ka kai ta asibiti, ka faɗa musu abin da take ci.

Gobe ka kira Malama Zakiyya ka faɗa mata komai. Ba sai ka taɓa tsuntsun ba, ka kai ta wurin ta ɗiba da kanta. Sannan ka je ka faɗa wa mai gari da bakinka. Za a yi maka surutu, kuma za ka ji kunya. Sai dai ka tuna ba matarka kaɗai ke da ciki a Kagara ba.

Allah Ya sauke ta lafiya, Ya ba ka ƙarfin zuciya.

Hajiya Sauda