Alamar Baba

Litinin, 3 ga Yuni
Yaya Ingvald ya kira daga Bodo. Wai an samar wa Baba ɗaki a gidan tsofaffi. Na ce Baba zai bar tsibirin nan ne ranar da ya kasa gane wurin kifinsa, kafin nan ko taku ɗaya. Ya ce ya yarda. Ni da shegen bakina.

Alhamis, 6 ga Yuni
Mun fita teku da jirgi, ni da Baba. Wurin ba ya cikin kowace taswira, a baki kakanmu ya ba shi: idan daga cikin jirgi aka hango hasumiyar coci ta shiga tsagar dutse, farar rumfar jirage ta taɓa hancin tsibiri, sai a kashe inji. Ya saki ɗan kifin ƙarfensa mai ƙugiya har ƙasa, ɗagawa biyu, sanda ta lanƙwashe. Manya huɗu. Na ajiye wurin a wayata, ya kama ni.
"Torunn, mai ido biyu me zai yi da wannan abar? Rufe ta, kada kifi su yi mana dariya."

Asabar, 8 ga Yuni
Iska. Ya kira ni da sunan Mama sau biyu.

Talata, 11 ga Yuni
Awa uku muna zagaye. Nan ne, a'a gaba kaɗan, a'a baya. Ƙugiya ta maƙale a dutse, siririn zaren ya tsinke. "Wani ɗan banza ya sake wa rumfar fenti," in ji shi. Na duba. Tana nan fara fat. Na ji tsoro ƙwarai. Ban taɓa yi masa ƙarya ba, ba kuma zan fara ba. Ko burodi da man shanu bai ci ba.

Asabar, 15 ga Yuni
Ni na riƙe tuƙi, wayar a cikin hannun rigata. Da muka iso na rage gudu, na ce, "Baba, kamar hasumiyar ta shiga ko?"
Ya daɗe yana kallon wani dutse daban.
"Sai yanzu kika gani? Kashe inji."
Shida muka kama. Hannunsa bai manta komai ba.
Yaya ya kira da la'asar, ya tambaya ko Baba ya gane wurin. Na ce ya gane da kansa.