Gabun Mahbuba

Illela, Litinin

Zuwa ga Inna, a Ƙonni.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi, ina fata kuna lafiya, ku da Malam. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah Ya jiƙan ɗiyarku Mahbuba.

Inna, na aje kunyar surukuta don tura ta kai bango. Autarmu Humaira ta daina cin abinci. Yau kwana tara, daga ruwa sai kurɓin kunu. Idanunta sun faɗa. Likita ya ce ba ciwo a jikinta, amma in ta zarce haka sai an kwantar da ita. Duk abin da aka miƙa mata, ita dai miyar Ummanta.

Kun san miyar naman shanun nan da marigayiya ke yi ran kasuwa. Ta taso daga koyarwa bayan La'asar, kafin kiran Magariba mu bakwai kowa ya samu kwanonsa. Ƙanwata Ummi ta gwada sau uku. Ni kaina, da gemuna, na shiga madafa maƙwabta na leƙe. Na yanka naman ƙanana yadda take yi, na soya, na zuba tattasai da tumatir, na zaɓo albasar da ta fi kowace kyau a rumfata. Yarinyar nan ta sansana, ta kau da kai. Wallahi a gindin murhu na yi kuka, na ce hayaƙi ne.

Ku kuka koya mata. Don Allah mi na rage? Ku ba direban da ya kawo takardar nan amsa. Na binne uwar, ba zan iya binne ɗiyar ba.

Ɗanku,
Lukmanu

Illela, Alhamis

Inna,

Ina gaishe ku, da fatan kun tashi lafiya. Ƙullin da kuka ba direba ya iso, na kwance. Gabu! Shekara goma sha biyar ina cika baki cewa gidan dillalin albasa ba a miya da busasshen ganyenta, wai abin marasa hali ne. Ashe duk zuwanta Ƙonni kuna ƙulla mata. Miyar da nake yabo gaban abokai ina cewa albasata ce, ashe gabunku ne. Baiwar Allah ta bar ni da girmana har ta koma.

Jiya na barbaɗa shi a mai kamar yadda kuka ce. Ƙamshin na tashi, Humaira da ba ta iya zama ta rugo madafa tana kiran Umma. Ni ta tarar riƙe da ludayi. Ta leƙa bayan ƙofa, ta daɗe a tsaye.

Amma ta ci, Inna. Alhamdu lillahi, ta ci har ta suɗe hannu. Sannan ta ɗauko kwanon uwarta, ta ce in zuba in rufe, tunda Umma ta dawo ta yi miya ai ita ma za ta ji yunwa.

Na zuba, na rufe. Ban san mi zan ce mata ba in ta buɗe. Ku sa mu a addu'a, kuma don Allah ku ƙaro gabun.

Ɗanku,
Lukmanu