Kek ɗin ayabarki na ranar Juma'a

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Asabe.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa irin wadda ta kamace ki, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji, makwancinki da haske da yalwa. Na san takarda ba ta zuwa inda kike. Duk da haka zan rubuta, don maganar da ke cina ke ce kika fi kowa sanin kanta. Wanda ya leƙa ya karanta kuma bismillah, ba asiri ba ne.

Inna, maganar Baba ce. Tun da aka yi sadakar arba'in ɗinki jama'a suka watse, ya daina cin abinci. Likita ya duba shi ya ce bai ga ciwo ba. In an kai masa tuwo sai ya ɗaga murfi ya mayar, shayi kawai yake kurɓa, shi ma rabin kofi. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana sauke buhuna daga jiragen ruwa a mina, tashar jiragen nan ta Jidda, yau rigarsa ta yi masa yawa, masallacin da ke bayan gidanmu ma ya gagare shi. In na matsa masa ya ce, “Halas, ya binti, ya isa haka, 'yata, na ci rabona.” Na baro ɗakina a unguwar Waziriyya na dawo gida Kurayyat, na gaya wa maigidana ba zan koma ba sai na ga tsohon nan ya cinye abu guda a gaban idona.

Na gwada kunun gyaɗa, na gwada fate, na gwada asidar nan ta mutanenmu na Sudan da kike tuƙa masa in zazzaɓi ya kama shi. Duk a banza. Sai wata Juma'a da hantsi na gan shi zaune a bakin ƙofar ɗaki, ya zuba wa kusurwar da kike ajiye murhun gawayi ido. A nan na tuna da kek ɗin ayabarki.

A gidan Baturiyar nan da kika yi wa wanki da guga kika koyo shi, tun kafin a jawo mana lantarki. Ita tana da tandarta mai ƙofar gilashi, ke kina da tukunyar ƙarfe da gawayi, amma Baba ya sha rantsuwa naki ya fi nata, alhali bai taɓa ɗanɗana nata ba. Kowace Juma'a in ya dawo daga masallaci yanka biyu na jiransa da shayi. Farin abin da kike shafawa a sama kuwa kin raɗa masa suna rawani. “Kek ba rawani ai bai gama shiri ba,” haka kike cewa.

To ga inda ta ɓaci. Ni ce 'yar fari. Ba ki taɓa buɗe baki kin ce Rakiya ba, balle ki zaunar da ni ki ce zuba kaza, juya kaza. “Ke wannan, miƙo rariya,” iyakar karatun da na samu ke nan. Halima ƙanwata ce ke zama gab da gwiwarki tana lashe cokali, ita kika koya wa, ga ta can Bur Sudan da aure. Kafin takarda ta je ta dawo ban san me zai rage na Baba ba. Ban riƙe ki da komai ba, haka aka yi miki ke ma. Amma wallahi ranar na ji haushin kunyar nan tamu.

Sai na dogara da abin da idona ya sata daga bakin ƙofa. Fulawa gwangwanin madara biyu, sukari ɗaya, ƙwai biyu, man shanu, ayaba uku, da ɗan farin garin nan mai sa shi ya tashi. Na kwaɓa na ɗora a kan risho, a ganina gawayi ɓata lokaci ne. Ƙasan ya ƙone ƙurmus, tsakiyar ta tsaya kunu. Na zuba wa kajin maƙwabta, suka duba suka wuce.

Ina kankare tukunyar na tuna da yashin da kike ajiyewa a tsohon kwano. Ni duk zamana na ɗauka na wanke-wanke ne. Ashe shimfiɗa shi kike yi a gindin tukunya, ki ɗora kwanon kwaɓin a kai, ki rufe, ki jera garwashi bisa murfin, wutar sama ta fi ta ƙasa. Na yi haka a karo na biyu, ya tashi ɓul-ɓul, na soka tsinke ya fito fes. Har na fara jin kaina.

Rawanin ne ya kunyata ni. Na san sai an daka sukari ya yi laushi, sai na jawo turmin gida, wanda ya sha daddawa da yaji tun ina goye. Sau uku na wanke shi. Na daka, na tankaɗe, na murza da man shanu, na shafa a kan kek yana tururi. Nan take ya narke ya gangaro gefe, ga ƙanshin miyar kuka yana tashi. Da yamma ina neman wani abu a akwatinki na ci karo da ɗan turmin tagullan nan, naɗe cikin tsohon ɗankwali. “Kar wanda ya taɓa min wannan,” kike cewa, ni kuwa na zaci kayan gado ne. Na shinshina cikinsa na ji sukari da lemun tsami. Na zauna a ƙasa ina dariya, ban san lokacin da ta koma kuka ba.

Karo na uku na ce yau sai ta Allah. Na tafi kasuwar Bab Makka da kaina na zaɓo ayaba rawaya shar, ba tabo ko ɗaya. A nan akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Duk yarintata kunyar baƙar ayabar da Baba ke shigowa da ita daga mina nake ji, wadda aka ware a gefe in jirgi ya sauke kaya. Yaran lungu na tsokanata wai gidanmu abin zubarwa ake ci. Na ɗauka rashi ne ya sa, na kuma ƙudura a raina cewa ubana a tsufansa mai kyau zai ci.

Na bar kek ɗin ya huce sarai. Na ɗora kwanon rawanin a kan ƙanƙara don zafin Jidda kar ya sake ci min mutunci, na matsa lemun tsami, na shafa a hankali da bayan cokali. Inna, da kin gan shi da kin yi shiru, irin shirun nan naki da ke nufin an yi daidai.

Baba ya gutsura, ya daɗe yana taunawa, ya ajiye. Sai ya ɗago ya tambaye ni wa ya sayar min da ayabar. Na faɗa masa. Ya girgiza kai ya ce, “Wannan ayabar kallo ce.”

Daga nan bakinsa ya buɗe, ya yi maganar da bai yi tsawonta ba tun ranar da aka fita da ke. Ya ce ba rashi ba ne, umarninki ne. Wai kin sha mayar da shi in ya kawo mai kyan ido. Zaƙin da ƙanshin ba sa fitowa sai ɓawo ya yi baƙi, ciki ya yi laushi bai kai ga tsami ba, kuma raba wannan da ruɓaɓɓiya aikinsa ne, ke ba ki iya ba. Na yi tsaye da faranti a hannu. Ban taɓa sanin ku biyu ne kuke yin kek ɗin nan ba.

Na ce gobe zan koma in samo baƙar. Ya harare ni ya ce ruɓaɓɓiya zan kwaso. Washegari da safe na ji yana neman hularsa da takalmi. Na tare ƙofa na ce ba zan fita da mutum ba komai a cikinsa ya faɗi min a titi ba. Don in rufe masa baki ya sha rabin kwanon kunu, yana sha yana mita, ya ce yalla mu tafi.

Sau uku muka huta a hanya. Da muka isa rumfar wani mutumin Yaman ya wuce na gaba-gaba da aka jera don ado, ya durƙusa gaban kwandon da ke ƙarƙashin tebur. Ya danna wannan da babban yatsa, ya kai waccan hanci, ya ajiye, ya ɗauki wata. Shida ya zaɓa, ya ce saura kwana biyu su kai. A gida ya naɗe su cikin buhu ya ajiye a ɗakinsa, kullum da safe sai ya kwance ya duba.

Jiya Juma'a na gasa. Na kai masa yanka biyu da shayi na koma bakin ƙofa na tsaya. Ya cinye na farko. Ya cinye na biyu. Ya sa yatsa ya share rawanin da ya rage a faranti, sannan ya dube ni ya ce, “Bai kai nata ba. Ki sake ran Juma'a.”

Gaskiya ya faɗa, kuma na san abin da ya rage. Ina wanke kwanon kwaɓin, sai hannunki ya faɗo min a rai, yatsu uku kina barbaɗa ɗan gishiri daga ƙarshe kina bismillah. Shi ne ban sa ba.

Ki yafe min, Inna, wannan Juma'ar ma ba zan sa ba, haka mai bi mata. Muddin kek ɗin nan bai kai naki ba, Baba yana da kasuwar da zai je ran Laraba, yana da kunun da dole ya sha kafin in buɗe masa ƙofa, yana da laifin da zai kama ni da shi ran Juma'a. Na yarda in zama wadda ba ta iya ba, ko wata nawa za a ɗauka. Ranar da na ga ya taka da ƙafarsa ya shiga sahu a masallaci, ya dawo yana tambayar ina abincinsa, ranar zan sa gishirin.

Allah Ya jiƙanki, Ya gafarta miki, Ya sanyaya makwancinki, Ya saka miki da gidan Aljanna. Ya haɗa ki da Baba a can, amma ina roƙon Sa Ya bar mana shi tukuna.

'Yarki mai kewarki,
Rakiya
Kurayyat, Jidda